Masu auna nauyin da ido ba ya gani: fashin baƙi kan aikin mai binciken kafaɗa

Ɗaga hannunka na dama sama a hankali, ka sa wani ya dafa maka allon kafaɗa ta baya. Da farko ba zai ji motsin kirki ba, amma hannun na yin nisa zai ji allon yana zamewa a kan haƙarƙari, yana juyawa waje. Akwai mutanen da suka ƙarar da shekara talatin, wasu arba'in, a kan tambayoyin da ke cikin wannan ɗan motsi: digiri nawa allon ya juya, wace tsoka ce ta ja shi, nauyi nawa ya sauka a kan gaɓar a daidai lokacin. Da yawansu ko allura ba su taɓa yi wa majinyaci ba. Injiniyoyi ne da suka koyi lissafin gada da injin, sai tafiya ta kai su ɗakin gwaji na sashen tiyatar ƙashi. Fanninsu shi ake kira bayomakaniks, wato a ɗauki dokokin nauyi da motsi a ɗora su a kan jikin mai rai. A cikin gaɓoɓin ɗan Adam kuwa, kaɗan ne suka ba su wuya kamar kafaɗa.

Wuyar daga ƙirarta take. A kwatangwalo, ƙwallon ƙashi ya shige rami mai zurfi, ƙashi ya rungume ƙashi. A kafaɗa, kan ƙashin damtse ƙwallo ne babba, gurbin da yake zama a jikin allo kuwa ɗan ƙarami ne marar zurfi, kamar a ɗora ƙwallo a kan murfin kwalba. Kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kan ƙashin ne kaɗai ke taɓa gurbin a kowane lokaci. Akwai wani leɓe mai tauri da ya zagaye bakin gurbin yana ƙara masa zurfi da kusan rabi, akwai jijiyoyi da jakar da ta lulluɓe gaɓar, amma a tsakiyar motsi jijiyoyin da jakar a sake suke. Tsoka ce ke riƙe da ƙwallon a wurinsa. Tsokoki huɗu suka yi wa kan ƙashin ƙawanya, ɗaya ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta gaba, suna danna shi cikin gurbin yayin da babbar tsokar deltoyid, wadda ta ba kafaɗa siffarta, ke ɗaga hannu. Shi kansa allon ba a kafe yake ba, shawagi yake yi a cikin tsokoki, kuma wurin da ƙasusuwan hannu suka haɗu da gangar jiki guda ɗaya ne tak: 'yar mahaɗar da ke tsakanin ƙashin wuya da ƙashin ƙirji. Shi ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa sakewa, shi ya sa kuma ta fi kowace babbar gaɓa yawan gocewa.

Gaɓar da tsoka ke riƙe da ita, sirrinta yana wurin mai rai, shi kuwa mai rai ba zai yarda a tsaga shi don kawai a saka masa ma'auni ba. Gawa ba ta musu, amma tsokarta ta daina ja. Kusan duk rayuwar aikin masanin kafaɗa tana kai-kawo ne a tsakanin waɗannan biyun.

Lissafin farko da ake koya wa ɗalibi a fannin yakan ba shi mamaki. Mutum mai kilo 70, hannunsa bai wuce kilo uku da rabi ba, kuma idan ya miƙe shi gefe, tsakiyar nauyinsa tana kimanin santimita 30 daga kafaɗa. Deltoyid kuwa tana ja ne daga tazarar da ba ta wuce santimita uku daga tsakiyar gaɓar ba. Wanda ya taɓa tura ƙofa daga kusa da inda aka kafe ta ya san abin da hakan ke nufi: sai tsokar ta ja da ƙarfin da ya ninka nauyin hannun sau goma, wajen kilo 35, kafin hannu marar kaya ya tsaya a miƙe. A riƙa wa mutumin abu mai kilo biyu a tafin hannu, lissafin ya haura kilo 70. Lissafi ne na gaggawa, amma bai yi nisa da gaskiya ba, domin a 1978 Poppen da Walker sun ƙiyasta cewa nauyin da ke sauka a kan gaɓar idan hannu ya kai digiri 90 ya kusa kashi 90 cikin ɗari na nauyin jiki duka. Kafin nan ana ɗaukar kafaɗa a matsayin gaɓar da ba ta ɗaukar nauyi, tunda ba da ita ake tafiya ba.

Likitoci ne suka share fagen. Ernest Amory Codman na Boston ya fitar da littafinsa kan kafaɗa a 1934, kuma shi ya fara jan hankali sosai ga yagewar jijiyar tsokar da ke saman ƙawanyar. Shi ne mutumin da ya dage cewa dole asibiti ya bi sawun kowane majinyaci ya ga ƙarshen aikin da aka yi masa, ra'ayin da ya jawo masa baƙin jini a wurin abokan aikinsa har ya bar babban asibitin Massachusetts a 1914. Shekara goma bayan littafin, a 1944, Verne Inman da abokan aikinsa Saunders da Abbott a Jami'ar California da ke San Francisco suka haɗa hoton ƙashi da na'urar auna lantarkin tsoka, suka fito da ƙa'idar da har yau ake haddacewa: cikin kowane digiri uku na ɗaga hannu, biyu daga gaɓar ne, ɗaya daga juyawar allo. Daga baya an gano cewa wannan rabon yana canzawa da irin motsin, da saurinsa, da kayan da ke hannu, da mutumin kansa. Auna allo ta saman fata yaudara ce, don ƙashin yana gudu a ƙarƙashinta ita kuma tana nan. A 2001 sai da McClure da Karduna da abokan aikinsu suka soka siraran ƙusoshi a allon kafaɗar wasu masu sa kai, masu rai kuma a farke, kafin aka samu awon da za a dogara da shi. Duk lokacin da na tuna wannan gwaji, waɗancan masu sa kan nake jinjina wa fiye da masu binciken.

Hanyar shiga sana'ar kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Mutum ya yi digirin farko a injiniyanci, ya yi digirin digirgir a kan wata 'yar matsala guda, ya yi wasu shekaru a ƙarƙashin wani babba, sa'annan in ya yi sa'a ya samu ɗakin gwaji nasa a jikin wani asibitin koyarwa. Abin da ke raba wanda ya yi nisa da wanda ya tsaya a hanya, a ganina, shi ne likitan da ya haɗu da shi. Injiniya ya iya awo amma bai san inda ke yi wa majinyaci ciwo ba, likita ya san ciwon amma bai iya tsara gwaji ba. Kai-Nan An misali ne. Ya karanta injiniyanci a Taiwan, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Lehigh ta Amurka a 1975, ya shiga asibitin Mayo da ke Rochester a jihar Minnesota, ya yi gomman shekaru a can har ya shugabanci ɗakin gwajin bayomakaniks na sashen ƙashi. Likitoci matasa daga ƙasashe daban-daban sukan zo su yi shekara ɗaya ko biyu a irin wannan ɗaki, su koma gida da dabarun awo. Ɗaya daga cikinsu shi ne Eiji Itoi na Japan, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Tohoku da ke Sendai.

Aikin yau da kullum a ɗakin ba shi da ƙyalƙyali. Kafaɗun mutanen da suka yi wasiyyar a ba da gawarsu don ilimi ake ajiyewa a daskare. A fito da ɗaya ta kwana tana narkewa, da safe a feɗe fata da kitse, a kafe allon a cikin wani irin siminti, a ɗinka zare mai ƙarfi a bakin kowace jijiya, a ratsa zaren ta kan ƙananan tayoyi zuwa wasu nauyaye ko injinan da za su tsaya a madadin tsoka. Nama ba ya jira, saboda haka ranar gwaji takan kai dare. Kafaɗu takwas ko goma ne sukan zama bincike guda, kuma galibi na tsofaffi ne, alhali wanda kafaɗarsa ke gocewa yawanci saurayi ne ɗan wasa.

Duk da wannan naƙasu, irin gwajin ya canza yadda ake tiyata. Idan kafaɗa ta goce gaba, takan ɓalle leɓen gurbin, raunin da Bankart ya bayyana a 1923, kuma takan bar lotsawa a bayan kan ƙashin damtse, wadda Hill da Sachs suka bayyana a 1940. Ana ɗinke leɓen, amma wasu marasa lafiya sai kafaɗar ta sake gocewa. A 2000 Itoi da An da abokan aikinsu suka riƙa yanke bakin gurbin gawa kaɗan-kaɗan suna auna ƙarfin da ake buƙata a goce da gaɓar, suka ga cewa idan ƙashin da ya ɓace ya kai wajen kashi 21 cikin ɗari na tsawon gurbin, ɗinki kaɗai ba ya riƙewa. Likita ya samu lamba da zai duba a hoto kafin ya zaɓi ɗinki ko dashen ƙashi irin wanda Latarjet ya ƙirƙiro a Faransa a 1954. A 2007 Yamamoto da Itoi suka ƙara wani mataki, suka zana hanyar da gurbin ke bi a kan ƙashin damtse yayin ɗaga hannu, domin a gane ko lotsawar za ta faɗa bakin gurbin ta maƙale. Sai dai lambar farkon ba ta tsaya ba. A 2015 wani bincike a kan sojojin Amurka ya nuna cewa daga kashi 13.5 ma sakamakon ɗinki yakan fara lalacewa, ko da kafaɗar ba ta sake gocewa ba. Gawa ta faɗi inda gaɓa ke fita, soja mai rai ya faɗi inda ya daina yarda da hannunsa, kuma wuraren biyu ba ɗaya ba ne.

Wasu suka bi ta kwamfuta. A Jami'ar Delft ta ƙasar Holan, Frans van der Helm ya auna ƙasusuwa da tsokokin gawa dalla-dalla, ya gina kafaɗar lissafi da ya wallafa a 1994. A nan akwai wani tarnaƙi da duk mai wannan aiki ya sani. Tsokokin da ke iya yin motsi guda sun fi yawan ma'aunan lissafin da ake da su, saboda haka amsoshi ba su da iyaka. Dole mai bincike ya yi zato, ya ce jiki yana zaɓar rabon aikin da ya fi rage gajiya ko ɓarnar kuzari, sa'annan kwamfuta ta nemo wannan rabon. Zato ne mai ma'ana, amma shekaru da yawa babu wanda ya iya cewa ga yadda ya dace da gaskiya.

Gani ya kori ji a Berlin. Georg Bergmann da tawagarsa a asibitin Charité, waɗanda suka riga suka yi haka a kwatangwalo, suka ƙera kafaɗar ƙarfe mai ma'aunai da 'yar na'urar aika saƙo a cikinta, aka dasa wa wasu marasa lafiya waɗanda da ma can suna buƙatar sabuwar gaɓa. Sakamakon farko ya fito a 2007. An ga cewa ayyuka na banza-banza, kamar ɗaga butar kofi da hannu a miƙe ko juya sitiyari da hannu ɗaya, suna iya ɗora wa gaɓar nauyin da ya kai ko ya wuce na jikin mutum. Da aka gwada kafaɗar Delft da waɗannan alƙaluma, ta yi ƙoƙari har zuwa digiri 90, daga nan sai hanya ta rabu: lissafi ya ce nauyi zai sauka, ma'aunin da ke cikin mutum ya ce yana ci gaba da hawa. Jiki ba ya tsimi kamar yadda aka zata. Yakan ɗaure tsokoki masu adawa da juna a lokaci guda don ya tsare gaɓar, ko da hakan ya ci kuzari. Sai dai su ma waɗannan marasa lafiya 'yan kaɗan ne, tsofaffi ne, kuma kafaɗarsu ta ƙarfe ce.

Babbar nasarar fannin ta zo ne daga likitan da ke tunani irin na injiniya. Dashen kafaɗa tsohon abu ne: Jules-Émile Péan ya yi na farko a Paris a 1893 da filatinam da roba, a jikin mutumin da tarin fuka ya cinye wa gaɓa, aka cire bayan kimanin shekara biyu. Charles Neer na New York ya kawo na zamani daga shekarun 1950. Amma duk suna buƙatar ƙawanyar tsokoki mai lafiya. Idan ta yage ta lalace, deltoyid ba ta samun abin da za ta dogara da shi, sai ta riƙa jan ƙashin damtse sama maimakon ta juya shi. Kan ƙashin ya riƙa hawa gefen gurbin roba da aka dasa a jikin allo yana girgiza shi har ya sassauta, abin da Frederick Matsen da abokan aikinsa a Seattle suka kwatanta da dokin katako na yara mai lilo. An gwada juya tsarin a shekarun 1970, a sa ƙwallo a jikin allo a sa gurbi a jikin damtse, amma ƙirar farko suna ɓallewa daga allo har aka watsar. Paul Grammont na Dijon ya dawo da dabarar a 1985, a hankali ya inganta ta da gyara biyu. Ya sa rabin ƙwallo marar wuya, ta yadda tsakiyar juyawa ta koma jikin ƙashin allo, ƙarfin da ke ɓamɓare shi ya ragu. Ya kuma sauko da ƙashin damtse ƙasa, deltoyid ta miƙe ta samu doguwar tazarar ja. Mutumin da bai iya kai hannu baki ba sai ga shi yana ɗaga shi sama da kai, babu ƙawanya. Ƙirar da ta yaɗu ta fito a 1991, Amurka ba ta amince da ita ba sai ƙarshen 2003, yau kuma a ƙasashe da dama juyayyen dashen ya fi na asali yawa. Ya zo da tasa matsalar, domin gefen gurbin roba yakan goge wuyan allo ya ci masa rami, kuma har yanzu ɗakunan gwaji suna jayayya a kan milimita nawa za a matso da tsakiyar juyawar waje.

To amma ba kullum hujjar makanikanci ke yin gaskiya ba, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mai shiga fannin ya fi tsayawa. A 1972 Neer ɗin nan ya bayyana cewa yawancin ciwon kafaɗa yana zuwa ne daga gogar jijiya da rumfar ƙashin da ke samanta. Bayani ne da kowa zai gane: igiya tana gogar dutse, a sassaƙe dutsen. Da zuwan tiyatar kyamara, sassaƙe rumfar ya zama ɗaya daga cikin ayyukan kafaɗa da aka fi yi a duniya, kuma an yi gwaje-gwajen gawa da dama da suka auna matsin da ke ƙarƙashin rumfar. Marasa lafiya suna samun sauƙi, kowa ya gamsu. Sai aka yi abin da Codman zai so a yi tun farko. A Birtaniya aka raba mutum 313 gida uku, wasu aka sassaƙe musu, wasu aka saka kyamara aka fito ba a taɓa ƙashin ba, wasu aka bar su ana lura da su. Sakamakon, wanda mujallar Lancet ta buga a 2018, bai nuna bambanci tsakanin tiyatar gaske da ta je-ka-na-yi-ka ba. Wani gwaji a Finlan mai mutum 210 ya faɗi haka a shekarar, kuma a 2019 wani kwamitin masana ya ba da shawara a mujallar BMJ cewa a daina yi wa irin waɗannan marasa lafiya aikin. Awon matsin ba ƙarya ba ne. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa inda aka auna matsi nan ciwo yake.

Yagewar ƙawanyar ita ma haka take rikita lissafi. A 1995 Sher da abokan aikinsa suka ɗauki hoton MRI na mutum 96 da ba su da ciwon kafaɗa ko kaɗan, sai ga fiye da rabin waɗanda suka haura shekara 60 da yagewa. A 2004 Galatz da tawagarta a St. Louis suka duba mutum 18 da aka ɗinke wa manyan yagewa, suka tarar 17 ɗinkin bai riƙe ba, alhali mafi yawansu bayan shekara guda suna cewa sun samu sauƙi. Stephen Burkhart ya ba da wani bayani na injiniya a farkon shekarun 1990, cewa akwai wata igiya mai kauri a cikin ƙawanyar da ke ɗaukar nauyi kamar igiyar gada mai rataye, in dai bakinta biyu na nan, rami a tsakiya ba ya hana aiki. Wannan ya amsa wani ɓangare. Bai amsa dalilin da jijiya ba ta komawa jikin ƙashi yadda take a da ba, komai ƙarfin zaren da aka yi ɗinkin da shi. Shekaru aka yi ana gasar wane salon ɗinki ya fi jure ja a kan na'ura, kafin aka yarda cewa da sauran rina a kaba, kuma matsalar ta ƙwayoyin halitta ce. Shi ya sa injiniya irin Louis Soslowsky, wanda a 1996 ya duba dabbobi fiye da talatin ya tsayar da ɓera a matsayin wanda ƙirar kafaɗarsa ta fi dacewa da wannan bincike, ya ƙare yana aiki kafaɗa da kafaɗa da masana ƙwayoyin halitta a Jami'ar Pennsylvania.

Batun kuɗi ba a cika faɗinsa ba. Mai ɗakin gwaji yana rayuwa ne daga tallafi zuwa tallafi, kowane na 'yan shekaru, kuma wani babban kaso na lokacinsa a rubutun neman na gaba yake tafiya. Kamfanonin da ke ƙera dashe da ƙusoshin ɗinki suna biyan gwaje-gwaje da yawa, kuma tambayar da suka fi so ita ce ko sabon kayansu ya fi tsohon ƙarfi a ranar da aka saka shi. Tambaya ce mai saurin amsawa, mai saurin shiga mujalla, amma ba ta faɗin yadda hannun majinyaci zai kasance bayan shekara goma.

Ɗalibin da ya shigo yau ya tarar da kayan aikin da Inman bai yi mafarkinsu ba. Tun wajen 2006, Michael Bey a asibitin Henry Ford na Detroit ya nuna cewa da na'urorin hoton ƙashi biyu masu ɗauka a lokaci guda, haɗe da siffar ƙashin mutum da aka gina a kwamfuta, za a iya bin motsin kafaɗar mai rai da kuskuren da bai kai milimita ɗaya ba, ba tare da an soka masa ƙusa ba. Motsin ƙashi ke nan. Ƙarfin da kowace tsoka cikin huɗun nan ke ja da shi a kafaɗar lafiyayyen mutum yayin da yake tsefe gashi ko jifa, har yau ƙiyasta shi ake yi.